Hasken Dare a Wurogauri, Daga Man Kaɗe Zuwa Fuskar Waya

A ƙasar Gwandu ta da, hasken dare nema ake yi, kuma mafi arha shi ne wutar kara. Ita ce fitilar makarantar allo. Da la'asar almajirai su bazu gonaki su yo kara da ƙirare, bayan isha'i a hura, a zagaye ta, kowa ya karkata allonsa wajen harshen wuta. Fitilar mai kuwa sai gidan malamai da masu hali: ɗan kasko na yumɓu ko na ƙarfe, a zuba man kaɗe ko man gyaɗa, a murza auduga a yi lagwani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya bar tarin littattafai har da tafsirin Alƙur'ani. Duk abin da ya duba ko ya rubuta bayan faɗuwar rana, a irin wannan haske ya yi shi.

Kananzir ya yaɗu ne a zamanin Turawa, ya zo mana da fitila iri biyu. Ta talaka ita ce aci-balbal: gwangwanin madara, a huda murfi, a zura tsumma. Hayaƙinta ya fi haskenta yawa, da safe in ka fyace hanci sai ka ga baƙi. Ɗayar ita ce fitilar ƙwai, wadda a lokacin ba a kai amarya ɗaki babu ita. A gidanmu a Wurogauri goge ƙwan da toka aikina ne kafin magariba, ga gargaɗin kakata kullum: «Kai yaro, riƙe da kyau, in ya fashe sai ranar kasuwar Jega.»

An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972, amma birane ne suka fara morewa. A ganina ba turakun lantarki ne suka kori kananzir daga ƙauye ba. 'Yar fitilar LED ce ta ƙasar Sin, mai cin batir, daga baya mai cajin rana. Asalinta aikin wasu Japanawa uku ne, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda suka samar da LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, suka ci kyautar Nobel a 2014. Farin da muke gani ma shuɗi ne: an shafa masa wani sinadari da ke shan wani kaso na shuɗin ya mayar da shi rawaya, haɗuwarsu ta ba da fari.

Kara da man kaɗe da kananzir duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abubuwa ne masu sinadarin kabon, ana ƙona su, yawancin ƙarfin ya tafi a zafi, ɗan ragowar ya zama haske. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dangin waɗannan sinadarai sun dawo hannunmu suna haske ba tare da ƙuna ba. Su ne a fuskar manyan wayoyi, irin wadda ake kira OLED. Ching Tang da Steven Van Slyke ne suka buɗe wannan hanya a kamfanin Kodak a 1987, da shimfiɗun sinadari da suka fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa.

Yadda suke aiki yana da daɗin sani. Galibin shimfiɗar ba ta haske da kanta, karɓar ƙarfin lantarki kawai take yi. A cikinta an barbaɗa ɗan rini kaɗan, shi ne mai fitar da launi. Ƙwayar da ta karɓi ƙarfi sai ta miƙa wa ta kusa da ita, kamar yadda leburori ke jefa wa juna tubali har ya kai hannun magini. Bajamushe Theodor Förster ya bayyana wannan miƙo a 1948, kuma ba ya yiwuwa sai ƙwayoyin suna dab da juna, tazarar da ba ta wuce nanomita 10 ba. In aka cika rinin kuma, ƙwayoyinsa su cunkushe su kashe wa juna haske.

Daga nan masana suka ɗora buri kan samun lesa daga waɗannan sinadarai, wato haske mai launi guda da ke tafiya a tsuke. Theodore Maiman ya yi ta farko a 1960 da dutsen yaƙutu, a 1966 aka yi ta da rini a cikin ruwa, a 1996 kuma tawagar Richard Friend a Jami'ar Kambirij ta samo ta daga shimfiɗar roba. Sai dai dukkansu da wani hasken ake zuga su. Da aka ce a ba ta robar lantarki kai tsaye, sai gizo ya yi saƙa: kashi uku cikin huɗu na ƙarfin yakan faɗa wani hali da ba ya haske, ya daɗe a wurin, har ya riƙa shanye hasken da sauran suka fitar. A 2023 masana a Jami'ar St Andrews ta Sukotlan, ciki har da Ifor Samuel, suka kewaye matsalar. Sun manna OLED mai shuɗin haske a jikin robar, lantarki ya kunna OLED, ita kuma ta zuga robar ta fitar da koren lesa. Walƙiya-walƙiya take yi na ɗan ƙanƙanen lokaci, kuma a ɗakin gwaji aka nuna ta, ba a kasuwa ba.