Hidimar Gida ga Iyaye Tsofaffi

Ma'anarta

Hidimar gida ga iyaye tsofaffi ita ce ɗauke musu ayyukan da ƙarfinsu ya daina kaiwa: ɗiban ruwa, faskare, daka ko kai niƙa, wanki, shara, kula da dabbobi, da gyaran ɗaki da katanga da rumbu. Mun ɗauki misalanmu daga Kurya Madaro a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, da ƙauyukan Shinkafi da Zurmi a arewacin Jihar Zamfara. A can tsofaffi da yawa suna zaune a gidajen ƙasa, ba su da fansho, bayan Allah 'ya'yansu ne madogararsu.

Tushenta a Littafi Mai Tsarki

Doka ta biyar ta umarce mu mu girmama iyayenmu (Fitowa 20:12). Girmamawar nan ba ta tsaya ga durƙuso da gaisuwa ba. A Markus 7:9-13 Ubangiji Yesu ya tsauta wa Farisiyawa don sun yarda mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, ya hana wa iyayensa. Ashe baiko da yawan hidimar majami'a ba su zama hujjar barin ɗakin uwa yana yoyo ba. Manzo Bulus ya koya wa Timoti cewa ibadar 'ya'ya da jikoki daga gida take farawa, wanda kuma ya ƙi kula da nasa ya musunci bangaskiya (1 Timoti 5:4, 8). Ubangijinmu kansa, yana kan gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirin da zai kai ta gidansa (Yohanna 19:26-27).

Ayyuka bisa ga lokacin shekara

A yankin nan damina takan kama daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Gidan ƙasa kuwa ba ya jiran ranar da muka sami sarari.

- *Bazara:* A hau soro a duba tsaga, a sake yaɓe. A ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta ci. A share indararo da rariya, a cike gindin katanga inda ruwa ya zaizaye. In rufin kwano ne, a ƙara ƙusa kafin iskar hadarin farko.
- *Damina:* A cire ciyawar da ta tsiro a kan soro, gama saiwarta ce ke buɗe wa ruwa hanya. A rataya gidan sauro. In bango ya jiƙe ya fara rabuwa, a fitar da tsoho daga ɗakin a ranar, kada a ce sai gobe.
- *Kaka:* A gyara rumbu da jinkarsa kafin a kawo gero da dawa.
- *Hunturu:* A tara itace, a toshe kafofin iska, a riƙa ɗumama ruwan wanka. Kada a bar garwashin gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Kiyaye su daga faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutanen da suka wuce shekara 60 su suka fi mutuwa sakamakon faɗuwa. Ƙashin tsoho kuma ba ya saurin haɗewa. Saboda haka mu rage tsayin dokin ƙofa, mu gyara santsin makewayi, mu kafa abin dafawa a can, mu ajiye fitila mai caji kusa da shimfiɗa. Hawa tsani da jan guga a bakin rijiya su zama namu.

Yadda za a yi ba tare da ƙasƙantar da su ba

Gidan nasu ne. Wanda ya shigo da magini ya rushe bango bai yi shawara ba, ya gyara ɗaki amma ya ɓata zuciya. Gara a ce, "Baba, ta ina kake so mu fara?" ko "Inna, wannan tukunyar a bar ta nan?" Kada mu zubar da tsofaffin kayansu a ɓoye. Mu bar musu aikin da suke iyawa, kamar ɓarar gyaɗa, tufkar igiya da ba kaji hatsi, domin zaman banza yana karya tsoho.

Masu nisa da gida

Neman abinci da rashin tsaro sun raba iyalai da dama a yankin, waɗansu suna Gusau, waɗansu Kano ko kudu. Aika kuɗi yana da kyau, amma kuɗi ba ya hawa soro. A sami amintaccen mutum a garin wanda zai tsaya a kan aikin. 'Yan'uwa su zauna su raba nauyi a fili: wane abinci, wane magani, wane gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kada a bar wa 'ya ɗaya ko matar ɗa dukan wahalar. Zuwa gida kuma a yi shi da rana, bayan an tambayi halin hanya.

Iyayen da ba masu bi ba

Waɗansunmu iyayensu ba Kirista ba ne, har akwai waɗanda aka juya wa baya saboda bangaskiya. Dokar ba ta sa sharaɗin addinin iyaye ba. In ƙofa a buɗe take, mu je mu yi aikin, ba tare da gardama ko gori ba. In a rufe take, mu aika ta hannun kawu ko gwaggo, mu ci gaba da addu'a.

Rabon ikilisiya

Nauyin farko na iyali ne, domin ikilisiya ta sami ikon taimakon waɗanda ba su da kowa (1 Timoti 5:16). Muna ba dattawan ikilisiya shawara su rubuta sunayen irin waɗannan tsofaffi. Zumuntar matasa ta keɓe Asabar ɗaya a watan Afrilu ko Mayu don yaɓe da gyaran rufi, zumuntar mata kuma ta tsara masu leƙawa don ruwa da wanki. In katangar tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta faɗi, ko ba 'yar ikilisiya ba ce, a haɗa da tata.