Rigimar Dunduniya: Yadda Kayan Siki Suka Rabu Gida Biyu

A ƙauyen Morgedal da ke yankin Telemark na ƙasar Norwe, siki bai fara a matsayin wasa ba. Alluna biyu ne na katako, dogaye kuma sirara, da manomi kan ɗaura a ƙafa idan dusar ƙanƙara ta binne hanya, ya je daji saran itace ko ya leƙa tarkonsa. Zare ɗaya ne ke riƙe gaban takalmi, dunduniya kuwa tana ɗagawa da kowane taku, kamar ta mai tafiya da silifas. Da haka ake hawa tudu, da haka ake gangarowa, kuma a gangarar ake shan wuya, domin da an yi gudu sai allo ya kauce ya bar ƙafa.

Sondre Norheim, wanda aka haifa a wannan ƙauye a 1825, shi ne ya yi suna wajen maganin matsalar. Ya murɗa saiwar itace ya zagaye dunduniya da ita, yadda ƙafa za ta ɗaga sama amma ba za ta zame gefe ba. A 1868 ya je gasa a Kiristiyaniya, birnin da ake kira Oslo a yau, ya ba 'yan birni mamaki da irin kwanar da yake sha. Shekara ashirin bayan haka wani ɗan Norwe, Fridtjof Nansen, ya ratsa Girinlan a kan siki, littafin da ya rubuta kan tafiyar kuma ya bazu a Turai, ya sa matasa a Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka fara aikawa Norwe a sayo musu alluna.

Sai dai tuddan Norwe daban, tsaunukan Alps daban. A Alps gangara na da tsini, wani wurin kamar bango. Mathias Zdarsky, wani mai zane da ya zauna kusa da Lilienfeld a Ostiriya, ya gane cewa saiwa da fata ba za su yi ba, sai ya ƙera maɗaurin ƙarfe mai sifirin a shekarun 1890. A Janairun 1897 Wilhelm Paulcke da abokansa suka ratsa tsaunukan yankin Bern na Suwizalan a kan siki. Zuwa 1911 an kammala bin shahararriyar hanyar nan da ta haɗa Chamonix ta Faransa da Zermatt ta Suwizalan a lokacin hunturu. Duk waɗannan mutane da ƙafarsu suka hau, ba wani inji da ya ja su.

Abin da ke hana mai hawa zamewa baya shi ne fata. Ana shimfiɗa ta a ƙarƙashin allo, gashinta a kwance yana kallon baya: in an tura ƙafa gaba sai ta sulale, in nauyi ya ja baya sai gashin ya miƙe ya kama dusar. Turawa sun yi amfani da fatar wata dabbar tekun sanyi mai gajeren gashi, mutanen tsaunin Altai a tsakiyar Asiya kuwa har yau da fatar ƙafar doki suke yi. Yanzu gashin akuyar Angora da nailan ne suka gaji fatar, ana manna su da gam, a ɓare idan an kai ƙololuwa.

Na'urar da ta fi kusa da gamsar da kowa ta fito ne a 1929, daga hannun wani injiniya ɗan Suwizalan, Guido Reuge. Wayar ƙarfe ce mai sifirin da ke zagaye dunduniya, ana ɗame ta da wani ɗan hannu a gaban takalmi. A gefen allon akwai ƙugiyoyi. In za a gangara, sai a maƙale wayar a ƙugiyar baya, dunduniya ta lafe. In za a hau, a cire, dunduniya ta saki. Sunanta Kandahar, ba don an taɓa yin ta a Afganistan ba. Wani janar ɗin Ingila, Lord Roberts, ya sami laƙabin Kandahar a yaƙin 1880, ya ba da kofin gasar siki a 1911, ƙungiyar siki da wani ɗan Ingila, Arnold Lunn, ya kafa a Mürren ta Suwizalan a 1924 ta ɗauki sunan, maɗaurin kuma ya gada. Fiye da shekara ashirin, allo ɗaya da takalmin fata ɗaya sun ishi mutum hawa da sauka.

Abu biyu suka rusa wannan zaman lafiya. Na farko inji ne. A 1934 Ernst Constam ya kafa igiyar da ke jan masu siki zuwa saman tudu a Davos ta Suwizalan. A 1936 kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya buɗe wurin shaƙatawa a Sun Valley, jihar Idaho ta Amurka, inda injiniyansa James Curran ya rataya kujeru a jikin waya, dabarar da ya aro daga na'urar loda ayaba cikin jirgin ruwa. Wanda kujera za ta kai shi sama, me zai yi da dunduniya mai ɗagawa?

Na biyu karaya ce. Kandahar ba ta sakin ƙafa in mutum ya faɗi, don haka allo mai tsawon mita biyu kan murɗe ƙashin ƙauri har ya karye. Hjalmar Hvam, ɗan Norwe mazaunin Oregon, ya karye a 1937, kuma yana kwance a asibiti ya zana maɗaurin da zai buɗe da kansa in murɗa ta yi yawa. Kamfanin Look na Faransa da Hannes Marker na Jamus suka inganta dabarar a farkon shekarun 1950. Daga baya Bob Lange ya kawo takalmin filastik mai tauri, wanda ya daskarar da idon sawu gaba ɗaya. Sauka ta yi daɗi, karaya ta ragu ainun, amma da wannan takalmi ko tsallaka titi aiki ne.

Masu son daji, inda ba kujera ba taro sai dusar da ba wanda ya taka, aka bar su da kame-kame. Kamfanoni irin su Silvretta a Jamus, da Paul Ramer a Kolorado, sannan Fritschi na Suwizalan, sun bi hanya guda: a ɗora takalmi a kan wani firam mai juyawa a gaba, a kulle bayansa in za a sauka. Yana aiki, sai dai kowane taku mutum na ɗaga firam ɗin ne tare da ƙafarsa, kuma hawan mita dubu taku ne bila adadin.

Wannan nauyi ne ya ƙure haƙurin Fritz Barthel, ɗalibin injiniya daga Bad Häring a yankin Tirol na Ostiriya. A farkon shekarun 1980 ya hau tsaunin Mont Blanc da irin waɗannan kaya, ya kai sama a galabaice. Tunanin da ya zo masa mai sauƙi ne har ya ba da haushi: tunda takalmin filastik ya riga ya yi tauri, shi kansa firam ne, ba a bukatar wani. Sai a dasa ƙananan ramukan ƙarfe biyu a gefen gaban takalmi, ƙusoshi biyu su cije shi a nan ya riƙa juyawa a kansu, wasu biyu kuma su shiga dunduniya lokacin sauka. Ya yi rajistar ƙirƙirar a 1984 da sunan Low Tech. Manyan kamfanoni suka yi masa kallon hadarin kaji, shi da mahaifinsa suka ci gaba da ƙera ta a gida suna huda takalma da hannu, har kamfanin Dynafit ya karɓe ta wajen 1990. Nauyinta bai kai rabin na masu firam ba. Da wa'adin rajistar ya ƙare a tsakiyar shekarun 2000, kamfanoni da dama suka shiga yin irinta.

Amma ƙusa ba ta da sassauci. A kan daskararriyar hanya, ana tsala gudu, kowace girgiza na shiga gwiwa kai tsaye, wani lokacin ma ta saki ƙafa ba gaira ba dalili. Shi ya sa aka koma neman tsaka-tsaki. A 2007 kamfanin Marker ya fito da Duke, mai firam, ƙaƙƙarfa, nauyin kowane ɗaya ya haura kilo guda, don matasan da ke hawa kujera sannan su ƙarasa ɗan tudu da ƙafa. A 2014 ya kawo Kingpin, ƙusa a gaba, dunduniya irin ta filin wasa. A 2018 kamfanonin Salomon da Atomic suka kawo Shift, wanda gabansa ke rikiɗa: ƙusa wajen hawa, cikakken maɗaurin gangara wajen sauka. Takalma ma suka sami wani hannu a baya, a buɗe idon sawu ya motsa, a rufe ya ƙage.

'Yan talla na cewa an gama, kaya ɗaya ya wadatar. Magana ce mai ƙarin gishiri. Mai Shift yana jan nauyin da ya ninka na maɗaurin ƙusa a kowane hawa, mai ƙusa zalla kuma yana takatsantsan a kan ƙanƙara mai tauri. Wanda yawancin ranakunsa a kujera suke ƙarewa, na tsakiyar ya fi masa. Wanda zai bi hanyar Chamonix zuwa Zermatt na kusan mako guda, da kyar zai yarda ya ɗauki ko giram ɗari na banza. Da yawa daga masu hali sun haƙura sun sayi alluna kashi biyu. Kuma ko wanne mutum ya zaɓa, in ya fita daga filin da ake gadi, sai ya ɗauki na'urar gano wanda dusa ta binne, da shebur, da sandar lalube, domin zaftarewar dusar ƙanƙara ta fi karaya kashe mutane a can.

A can ƙarshen masu ƙin nauyi akwai 'yan tsere. Gasarsu ta samo asali daga sintirin sojoji; cikin tsofaffin gasanni akwai Trofeo Mezzalama da aka fara a Italiya a 1933, da Patrouille des Glaciers da sojojin Suwizalan suka fara a 1943 tsakanin Zermatt da Verbier. Maɗaurinsu, jikan na Barthel, bai wuce giram ɗari da 'yan kai ba, kuma ƙwararre kan kulle dunduniya ya fizge fata daga ƙarƙashin allo cikin 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya cire shi daga ƙafa ba. A 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da wasan, aka sa shi cikin jadawalin gasar hunturu ta Milan da Kortina ta 2026, a garin Bormio.