Awo Kafin Magani



Kai mai karatu, in ka je kasuwar Yelwa sayen shinkafa, ba ka yarda mai hatsi ya dubi buhu kawai ya faɗa maka yawan abin da ke ciki. Sai ka ce ya kawo mudu a auna. To, don me in ɗanka ya kwanta ciwo ka kan taɓa goshinsa da hannu, ka ce shawara ce, ka wuce sayen magani? Likitocin da ma haka su ke yi, sai da suka ga hannu da ido suna ruɗinsu, sa'an nan suka ƙago kayan awo. Ga tarihin waɗansu daga ciki.

Na fari shi ne tsinken awon zafin jiki. A 1714 wani mutum, sunansa Fahrenheit, ya zuba zaiba cikin siririn gilashi, ya yi masa zane-zane. In zafi ya ƙaru zaiba ta hau, in ya ragu ta sauka. Amma irin wanda likitoci suka fara aiki da shi tsawonsa ya kai ƙafa guda, kuma sai majiyyaci ya yi minti ashirin riƙe da shi. Wajen 1867 wani likitan Ingila, Allbutt, ya gajarta shi zuwa inci shida, yana gama awo cikin minti biyar. A 1868 kuwa Likita Wunderlich na Jamus ya fitar da sakamakon awon da ya yi wa mutum wajen 25,000, ya nuna zafin jikin mai lafiya yana wajen lamba 37. Tun daga nan zazzaɓi ya zama abin da a ke rubutawa da lamba, a gane ko yana hawa ko yana sauka.

Amma tsinke zafi kaɗai ya ke nunawa, ba ya faɗin abin da ya kawo shi. Wannan aikin madubin likita ne, watau gilashin nan mai girmama abin da ido ba ya gani. A 1880, a ƙasar Aljeriya, wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya sa ɗigon jinin mai zazzaɓi a ƙarƙashin madubi, ya ga ƙwayar cutar cizon sauro tana motsi. Yanzu an sauƙaƙa abin. Akwai ɗan katin gwaji, a ɗan soki yatsa, a ɗiga jini, cikin minti goma sha biyar ko ashirin a san gaskiya. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a gwada jini tukuna kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba.

Akwai wata cuta kuma wadda ta shafe ku musamman, ku mutanen bakin ruwa, ita ce tsargiya. A 1851, a Alƙahira, Likita Bilharz, Bajamushe, ya gano tsutsar da ke kawo ta. Tsutsar nan tana fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai su, ta zauna cikin jijiyoyin mafitsara tana ƙwai. Ƙwan ne ke sa fitsarin jini. Katantanwar kuwa kwantaccen ruwa mai ciyawa ta ke so. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka ta da mutum fiye da 40,000 daga tsibirai da gaɓar Kwara zuwa sababbin garuruwa, ruwan da ke gudu a da ya zama tafki. Saboda haka Bagunge, da Basarke mai jefa koma, da yaro mai ninƙaya, kowa sai ya kula.

Waɗansu suna cewa fitsarin jini alamar girma ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, in an bar shi ya daɗe ya kan ɓata mafitsara da ƙoda. Yaro kuma ya kan ɗauki cutar alhali fitsarinsa garau ya ke a ido. Madubi ne ke nuna ƙwan, kowane da ɗan tsini a gindinsa. An fi samunsa a fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe goma na safe da ƙarfe biyu na rana, don haka in malamin asibiti ya ce ka dakata sai hantsi, kada ka yi fushi. Akwai magani, sunansa praziquantel, shi ma sai an auna nauyin yaro ko tsawonsa a san ƙwaya nawa zai sha.

To, ka ji. Mutane sun yi shekara ɗaruruwa suna wahala kafin a sami waɗannan kaya, kai kuwa tafiya asibiti kaɗai ta rage maka. In jikin yaro ya yi zafi, kai shi a ranar, kada ka jira gobe. In ka ga jini a fitsarinsa, kai shi tare da 'yan'uwansa waɗanda su ke wanka a mashigi ɗaya. Ka bari a auna tukuna, sa'an nan a ba da magani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.