Daga Kakin Zuma Zuwa Bindigar Silikon: Me Ya Dace Da Bakin Bakabe?

Duk haƙorin roba da ya zauna daram a baki, da duk hular da aka ɗora wa haƙori ba ta dami dasashi ba, daga awo mai kyau suka faro. Mu da ke wannan sana'a mun san cewa mai haɗa haƙora ba ya ganin majiyyaci, sawun bakinsa kawai yake gani. In sawun ya yi ƙarya, aikin ma ƙarya zai yi. Saboda haka tarihin ɗaukar awo tarihi ne na yaƙi da abubuwa 2: kuskuren hannun mai kwaɓi, da sauyawar awo bayan ya fita daga baki. Ra'ayina shi ne, silikon da ake matsowa da bindiga daga tagwayen bututu ya fi amfani a Birnin Kabi da Argungu fiye da ƙasashen da suka ƙera shi, domin yanayinmu yana tsananta matsalolin biyun.

A 1756 Philipp Pfaff, likitan haƙorin Sarki Frederick na Farusiya, ya bayyana yadda ake danna kaki a baki, a zuba filasta cikin sawun. Sai dai kaki yana lanƙwasa wajen cirewa. Haɗin da Charles Stent ya yi a Landan wajajen 1856 ya fi shi riƙe siffa, amma shi ma ba ya komawa yadda yake in ya bi ta kan ƙugun haƙori. Ciyawar teku ce ta kawo abu mai talewa: aga ta fara, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar samo ta daga Japan, sai aljinet ya karɓe fage, kuma har gobe shi ne garin da muka fi kwaɓawa. Kamfanin ESPE na Jamus ya fito da wani kayan awo mai suna Impregum a 1965, silikon da ba ya tsukewa ya biyo baya a shekarun 1970, sannan bindigar matsowa ta zo a shekarun 1980.

A dubi abin da aljinet ke yi a hannunmu. Gari ne da ruwa, ana cakuɗa su da sanda a kwanon roba. Masu gwajin ingancinsa suna aiki ne a ɗaki mai zafin digiri 23, mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura 40. Ruwan da ya wuni a jarka yakan sa kwaɓin ya fara daskarewa tun kafin tire ya isa baki. In hunturu ya shigo kuma, busasshiyar iska na tsotse ruwan awon yana tsukewa, kamar malmalar tuwo da aka bari ba rufi. Dole a zuba masa filasta nan take. Bindiga kuwa bututu 2 take ɗauke da su, galibi masu cin mililita 50 a haɗe. Da an matsa kunamarta, sai kwaɓin bututun biyu, kowanne da launinsa, su bi ta wani tsinin roba mai murɗaɗɗen ciki, su fito launi guda, ma'auni daidai, ba kumfar iska. Awon yakan yi kwanaki bai sauya ba. Ke nan wanda aka ɗauka a Argungu ko a unguwar Badariya ta Birnin Kabi zai iya shiga mota zuwa Sakkwato ko Kano, ya isa hannun mai haɗawa yadda ya fito daga baki.

Masu suka na cewa abin da tsada: da dala ake shigo da shi, tsinin sau ɗaya ake amfani da shi, kuma abin da ya maƙale a cikinsa asara ne. Gaskiya ne, shi ya sa ba na cewa a jefar da aljinet. Ga awon nazari, ko haƙorin roba mai cirewa da za a zuba wa filasta a take, ya wadatar. Amma ga hula da gadar haƙora, inda ɗan giɓi a bakin dasashi ke tara abinci ya ruɓar da haƙori, araha ba ta ado. A lissafa kuɗin motar majiyyacin da ya dawo daga ƙauye don a sake awo, da na hular da aka ƙera sau 2, a ga wanne ya fi tsada.

Wasu kuma na cewa zamanin awo ya wuce, tunda tun 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini suka gwada na'urar CEREC a Zurich, yau kyamara ke ɗaukar hoton baki kai tsaye zuwa kwamfuta. Haka ne, can aka dosa. Amma kyamarar na son wuta tsayayya, da mai gyara a kusa, da ɗakin haɗawa mai injin karɓar hoton. Bindiga ba ta neman ko ɗaya.

Abin da ba ta iya yi shi ne ta maye gurbin gwaninta. Silikon ma zafi na rage masa lokacin aiki, don haka a adana shi wuri mai sanyi. Sinadarin ƙibiritu da ke jikin wasu safar hannu na roba yana hana shi daskarewa. Jini ko yawu a gefen dasashi yana ɓata sawu komai tsadar kayan. Kirana ga masu sayo wa asibitocin Jihar Kabi kaya shi ne, kada su sayi bindiga su manta da tsini da wurin ajiya, kuma su haɗa da horar da hannun da zai riƙe ta.