Tarihin Ɓerayen da Suka Gaji Hawan Jini

Makiyayan Adamawa sun daɗe da sanin cewa ɗan saniya yana ɗauko halin iyayensa, shi ya sa suke zaɓen bijimin da zai yi barbara a garken gudali. Wannan dabara ta zaɓen iri, wadda ake aiki da ita a tashar binciken dabbobi ta Wakwa kusa da Ngawundere, ita ce masana suka bi wajen gano yadda ake gadon hawan jini.

A shekarar 1963, Okamoto da Aoki na Jami'ar Kyoto a Japan suka bayyana cewa sun haɗa namijin ɓera mai hawan jini da mace wadda jininta ya ɗan hau, sannan suka yi ta haɗa 'ya'yansu da junansu. Daga bisani aka sami zuriya da ake kira SHR, wadda jininta yake hawa da kansa idan ta girma.

Kafin wannan, a 1962, Lewis Dahl a Amurka ya riƙa ciyar da ɓeraye abinci mai gishiri da yawa, ya ware zuriya biyu: ɗaya jininta ya hau, ɗayar kuwa gishirin bai dame ta ba. A 1974, shi da abokan aikinsa, da kuma Giuseppe Bianchi a Milan, suka dasa ƙodar ɓera mai cutar a jikin mai lafiya, sai hawan jinin ya bi ƙodar. Wannan ya nuna cewa babban kaso na gadon yana cikin yadda ƙoda take sarrafa gishiri.

A 1991 aka gano wani yanki a kan kuromosom na 10 na ɓera mai alaƙa da cutar. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa ƙwayoyin halitta masu yawa ne suke haɗuwa, kowace da ɗan tasirinta.

Aikin ya iso ƙasashenmu ma. A 1999, masana a Nijeriya suka shayar da ɓerayen SHR ruwan zoɓo, wanda ake kira folere a Ngawundere da Garwa, suka ga jininsu ya sauka. Sai dai jikin ɓera daban yake da na mutum, don haka zoɓo bai maye gurbin maganin likita ba. Wanda iyayensa suke da hawan jini, ya kamata ya rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, ya kuma riƙa zuwa awon jini tun yana matashi, domin cutar takan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba.