Rubutun Kullum Ko Littafi Guda? Tambayar Ta Girmi Wayar Hannu

 Ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga shi a rubuce.

Abin da ya jawo maganar yau, wata ƙanwata ce 'yar Kabo. Shekara biyu ke nan kusan kullum da daddare sai ta saki shafi ɗaya na labarinta a WhatsApp. Tana da masu karatu, har da masu biyan kuɗi. Ranar nan ta ce min: "Yaya, na rubuta abin da ya fi littafi biyar yawa, amma wallahi babu guda ɗaya da zan iya miƙa wa wani in ce ga littafina." Maganar ta tsaya min a rai. Shin rubutun kullum a gaban jama'a yana gina marubuci ne, ko cinye shi yake yi? Mu koma baya tukuna.

A 1933 hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Eh, Gwarzon nan tamu. Matasanmu da yawa ba su san sunan garinsu yana cikin tubalan farko na ƙagaggen labarin Hausa ba.

To ku dubi Imam. A 1936 aka ɗauko shi daga koyarwa a Katsina, aka kawo shi Zariya, ba shi da wani aiki sai rubutu. Cikin 'yan watanni ya samar da Magana Jari Ce, juzu'i uku. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta, ya riƙe ta har 1951. Shekara goma sha biyu yana rubutu ga jama'a kai tsaye, yana amsa wasiƙu, yana sharhi kan al'amuran yau da gobe. Ya ci gaba da fitar da littattafai, amma bai sake yin ƙagaggen labari mai girman Magana Jari Ce ba har ya rasu a 1981.

Kar a yi saurin cewa asara aka yi. A jaridar nan Imam ya taimaka wajen daidaita Hausar da nake rubuta muku yanzu, ya kuma koya wa dubban mutane karanta ra'ayi da mayar da martani. Sai dai mu faɗi gaskiya: hannu ɗaya ne, lokaci ɗaya ne. Abin da jarida ta ci, labari bai samu ba.

Mu tsallako zuwa shekarun 1980 da 1990. Kamfanonin ɗab'i sun yi sanyi, sai matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Yadda kasuwar take, a buga kashi na ɗaya, a sayar, kuɗin ya buga na biyu. A bayan littafi akwai adireshin marubuci, masu karatu suna aiko da wasiƙu, wani lokaci har a buga su a kashi na gaba. Littattafan su bi motocin titin Gwarzo, su iso shagunan haya a garuruwanmu, yayyenmu mata su karɓa su ɓoye a ƙarƙashin katifa. Kun ga ashe sakin labari gutsure-gutsure da jin ta bakin mai karatu tun kafin a gama, ba WhatsApp ce ta ƙirƙiro shi ba.

Kuma sukar ma ba sabuwa ba ce. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin gaggawa da neman kuɗi sun rinjayi inganci. Abdalla Uba Adamu da wasu suka ce ai waɗannan littattafai ne suka sa matasa, musamman mata, karatun Hausa. An daɗe ana wannan muhawara a jaridu. A 2007 har ƙona littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Da takarda ta yi tsada, waya ta yi arha, sai marubuta suka kwashe kayansu suka koma Facebook da Wattpad da WhatsApp, inda babu mai tambayarka kuɗin ɗab'i.

Ko a Ingila haka aka yi. Charles Dickens wata-wata yake sakin labaransa tun 1836. Da cinikin Martin Chuzzlewit ya ja baya, sai ya tura jarumin Amurka don ya farfaɗo da sha'awar masu saye. Matsin mai karatu tsohon abu ne. Bambancin shi ne Dickens yana da wata guda tsakanin kashi da kashi. Ƙanwata tana da awa ashirin da huɗu, a ciki za ta yi girki, ta je makaranta, ta nemi inda za ta yi caji.

To me waya ta ba mu? Ta ba yarinyar da ke Garo ko Getso masu karatu a Yamai da Jidda ba tare da ta taka Sabon Gari ba. Ta koya mata zama ta rubuta ko tana so ko ba ta so, wanda shi ne rabin aikin. Ta ba ta ɗan abin sayen sabulu.

Me ta ƙwace? Gyara. Shafin da ka saki jiya ya fita hannunka. In ka gano a babi na talatin cewa babi na uku kuskure ne, sai dai haƙuri. Ta ƙwace ikon marubuci kan labarinsa, don in mutum ɗari suka ce kar a kashe wance, da wuya ta mutu ko da labarin mutuwarta yake nema. Tana sa labari ya yi ta jan jiki saboda tsayawarsa tsayawar kuɗi ce. Ga masu kwafe aikin mutum su raba kyauta. Ga rashin tabbas: OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka sa littattafansu, ta rufe a 2023. Idon Matambayi kuwa, bayan shekara casa'in, yana nan a takarda.

Ni dai abin da na fahimta, rubutun kullum ba ya hana zama marubuci. Abubakar Adam Ibrahim ɗan jarida ne, kuma ƙagaggen littafinsa ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016. Abin da ke hanawa shi ne a ce ba ka da wani rubutu da kake ɓoyewa. Ko gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, gamammen labari take karɓa, ba "mu haɗu gobe" ba.

Shawarar da na ba ƙanwata ke nan: ki ci gaba da na dare, shi ne kasuwarki. Amma ki sayi littafin rubutu na makaranta, ki fara wani labarin da babu mai ganinsa sai kin kai ƙarshe, kin ajiye shi wata guda, kin dawo kin yanke abin yankewa. Imam an ba shi watanninsa na kaɗaici. Mu babu mai ba mu, sai mun ɗiba da kanmu.

Ta ce za ta gwada bayan jarabawa. Ku marubutan da ke bin wannan shafi, musamman na Gwarzo da Kabo, ku faɗa mana: a cikin abin da kuka saki a waya, akwai wanda kuka taɓa komawa kuka gyara daga farko? Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana lafiya.