Sharuɗɗan shiga da kare ko kyanwa ƙasar Birtaniya

Duk wanda yake so ya shiga Birtaniya da kare ko kyanwa daga Nijeriya, ko Nijar, ko Ghana, yana bukatar aƙalla watanni huɗu na shiri kafin ranar tafiya.

Dalilin wannan tsauri shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana hallaka mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kuma kashi 95 cikin 100 na mace-macen a Afirka da Asiya suke aukuwa. Kusan duk waɗanda suka kamu, daga cizon kare suka same ta.

Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tsira. Haka kuma dabba na iya ɗauke da ƙwayar cutar tsawon watanni ba tare da an ga wata alama a jikinta ba, saboda haka duba lafiyarta a filin jirgin sama kaɗai ba ya wadatarwa.

Asalin dokar

A shekarar 1897 Birtaniya ta fara taƙaita shigo da karnuka, daga bisani kuma ta wajabta killace su na watanni shida. An sanya kyanwoyi cikin dokar a 1928.

Cutar ta sake ɓulla a ƙasar a 1918, ta hanyar karnukan da aka shigo da su a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma sai a 1922 aka kawar da ita.

A watan Fabrairun 2000 aka fara sassautawa, inda aka yarda dabbobi daga wasu ƙasashen Yammacin Turai su shiga ba tare da killacewa ba. Ranar 1 ga Janairun 2012 aka kawo ƙarshen killacewar watanni shida ga duk dabbar da ta cika sharuɗɗa, ko daga ina ta fito.

Matakan da ake bi

Hukumomin Birtaniya sun kasa ƙasashen duniya gwargwadon haɗarin cutar. Nijeriya da Nijar da Ghana, kamar akasarin ƙasashen Afirka, ba sa cikin jerin waɗanda aka sauƙaƙa wa, don haka dabbobinsu sai sun bi dukkan matakan, kuma bi da bi.

Na farko, likitan dabbobi zai dasa wa dabbar wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata. Na'urar tana ɗauke da lambar da za a rubuta a kan kowace takarda, domin a tabbatar cewa dabbar da aka yi wa allura ita ce ta iso.

Na biyu shi ne allurar rigakafin haukan kare, wadda ba a yi wa dabbar da ba ta kai makonni 12 da haihuwa ba. Idan aka yi allurar kafin a dasa na'urar, ba za a karɓe ta ba, sai an sake.

Na uku, bayan aƙalla kwanaki 30 da yin allurar, a ɗebi jinin dabbar a aika ɗakin gwajin da hukumomi suka amince da shi, domin a ga ko rigakafin ya kama.

Na huɗu shi ne jira na watanni uku, ana ƙirgawa daga ranar da aka ɗebi jinin. Gwajin jini ba ya bambance dabbar da rigakafi ya kama da wadda ta riga ta kamu, saboda haka ake jira a ga ko wata alama za ta fito. Ke nan ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa daga waɗannan ƙasashe ba zai iya shiga ba sai ya kai kimanin watanni bakwai.

Na biyar, likitan dabbobin da gwamnati ta ba izini zai bayar da takardar shaidar lafiya, kuma dole dabbar ta isa Birtaniya cikin kwanaki 10 da bayar da takardar.

Ga karnuka akwai ƙarin sharaɗi: likita zai ba su maganin wata tsutsar ciki mai iya lahanta hantar ɗan Adam, tsakanin sa'o'i 24 zuwa 120 kafin su isa. Wannan bai shafi kyanwoyi ba.

Ranar tafiya

Ba kowane kamfanin jiragen sama aka amince ya ɗauko dabbobi ba, kuma ba ta kowace hanya ba. Dabbar da ta zo ta jirgin fasinja a sashen kaya ake sanya ta, ban da karnukan da aka horar domin taimaka wa makafi da sauran masu bukata ta musamman.

A filin jirgin sama na Heathrow akwai cibiya ta musamman inda ake karanta lambar na'urar a kwatanta ta da takardu.

Dole ne mai dabbar ya yi tafiyarsa cikin kwanaki biyar kafin isowarta ko bayanta. In ba haka ba, dokokin masu fataucin dabbobi ne za su hau kansa.

Dabbar da ta gaza cika sharuɗɗa ana iya killace ta har tsawon watanni huɗu, kuma mai ita ne zai biya dukkan kuɗin. Akwai kuma nau'o'in karnuka masu haɗari, kamar Pit Bull Terrier da Japanese Tosa, waɗanda dokar 1991 ta haramta.

Tsarin da aka bayyana a nan na Ingila da Scotland da Wales ne. Ireland ta Arewa tana bin ƙa'idojin Tarayyar Turai, waɗanda suka yi kama da shi ƙwarai.

Wasu ƙasashe

A Amurka, tun daga ranar 1 ga Agustan 2024, ba a shiga da karen da bai kai watanni shida ba. Wanda aka yi wa rigakafi a ƙasa mai haɗarin cutar, kamar Nijeriya, sai an nuna sakamakon gwajin jininsa, ko kuma a killace shi na kwanaki 28.

Ostireliya ta fi tsanani. Ba ta karɓar dabba kai tsaye daga ƙasar da ba ta amince da ita ba, kuma galibin waɗanda ta karɓa sai sun yi aƙalla kwanaki 10 a killace kusa da birnin Melbourne. A 2015 ministan aikin gona, Barnaby Joyce, ya yi barazanar kashe karnuka biyu na ɗan wasan fim Johnny Depp da matarsa ta lokacin, Amber Heard, waɗanda aka shigo da su a jirgin alfarma ba tare da izini ba. An fitar da su daga ƙasar cikin 'yan kwanaki.

Abin da hukumomi ke gudu ya taɓa faruwa. A 2004 wani ɗan kwikwiyo da aka shigar Faransa a ɓoye daga Moroko ya mutu da cutar a yankin Bordeaux, lamarin da ya sa aka shiga neman duk mutanen da suka yi hulɗa da shi domin a yi musu allura.

A 2008 kuma wani kwikwiyo da aka kawo Ingila daga Sri Lanka ya mutu da cutar yana killace, bayan ya ciji mutane uku. An yi musu magani nan take, kuma cutar ba ta fita daga wurin ba.